Wa Ya Kashe Direban Janar Sternwood?

Lokacin da Howard Hawks yake haɗa fim ɗin The Big Sleep, wanda ya fito a 1946, shi da marubutansa sun ci karo da wata matsala. A cikin littafin akwai wani direba mai suna Owen Taylor da aka tsamo gawarsa daga teku a cikin motar iyayen gidansa, da alamar duka a kansa. Sun bi labarin gaba da baya ba su gano wanda ya kashe shi ba, ko kuwa shi ya kashe kansa. Sai suka aika wa marubucin littafin, Raymond Chandler, wayar tangaraho suna tambaya. Chandler ya duba, ya amsa musu cewa shi ma bai sani ba.

Masu raina wannan nau'in adabi sun daɗe suna riƙe da wannan labari a matsayin sandar duka. Suna cewa ga shi nan, marubucin da ake kambamawa bai ma san wanda ya yi kisa a cikin littafinsa ba. A wajenmu kuma akan ƙara tuhuma ta biyu, cewa littattafai ne na 'yan giya da bindiga da matan banza, ba darasi a cikinsu, har mugu yakan tsira a ƙarshe. Mu da muka tashi da karatun ƙagaggun labarai, kuma muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta, muna ganin tuhumomin nan biyu daga rami ɗaya suka fito. Masu yin su sun ɗauka aikin labarin laifi shi ne ya nuna mai laifi, a kama shi, kowa ya koma ya kwanta. Hammett da Chandler da Cain da Himes sun ƙi wannan kwanciyar hankali da gangan, kuma ƙin nan shi ne darajarsu.

Amurkawa suna kiran salon da wata kalma da ke nufin ƙwan da aka dafa har ya yi tauri. Faransawa suka ce masa noir, wato baƙi, musamman bayan Marcel Duhamel ya fara fitar da jerin Série Noire a kamfanin Gallimard a 1945. Mu za mu ce masa baƙin labari, don sunan ya dace da shi ta fuska biyu. An haife shi a mujallu masu arha da ake bugawa a kan takarda marar kyau, babbarsu Black Mask da aka kafa a 1920, shekarar da Amurka ta haramta sayar da giya. Haramcin ya kai 1933, kuma a tsakanin nan fataucin giya a ɓoye ya azurta 'yan daba, 'yan daban suka sayi 'yan sanda da alƙalai da magadan gari. Wanda ya zauna a irin wannan birni ba zai daɗe yana yarda da labarin da ke cewa laifi baƙo ne da ya shigo gidan mutanen kirki ba.

Irin wancan labarin shi ne yake tashe a Ingila a lokacin. Gawa a ɗakin karatu, mutum takwas ko goma da ake zargi, mai bincike mai kaifin ƙwaƙwalwa ya tara su a falo ya nuna ɗaya. Har dokoki aka rubuta masa: S. S. Van Dine ya fitar da ashirin a 1928, Ronald Knox ya fitar da goma a 1929. Ba za mu ɓoye ba, mu masu aikin kwamfuta irin wannan labari yana yi mana daɗi. Littafin Agatha Christie kamar manhaja ce da aka rubuta da tsabta, kowane abu da aka shigar a farko sai an yi amfani da shi kafin ƙarshe, ba zaren da ya rage yana lilo. Sai dai aikin namu ya koya mana wani abu kuma. Idan manhajar banki ko ta asibiti ta faɗi, akwai rahoto iri biyu da ake rubutawa. Na farko yakan nemo yaron da ya taɓa ta a ƙarshe, a ɗora masa, a kore shi, bayan wata uku a sake faɗuwa a wuri guda. Na biyu yakan tambayi yadda aka yi tsarin ya bar kuskuren mutum ɗaya ya rushe komai, wa ya hana kuɗin gwaji, wa yake cin ribar barin abin a haka. Rahoto na biyu ba ya farin jini a ofis, domin yatsansa sama yake nunawa. Baƙin labari shi ne rahoto na biyu.

A ɗauki Red Harvest na Dashiell Hammett, na 1929. Hammett ya yi wa kamfanin bincike na Pinkerton aiki daga 1915 zuwa 1922, kamfanin da masu masana'antu suke haya don murƙushe yajin aiki. Garin da ke cikin littafin, Personville, an gina shi a kan Butte ta jihar Montana, garin haƙar tagulla inda gobarar rami ta kashe ma'aikata 168 a watan Yunin 1917, kuma bayan makonni aka fito da wani jagoran ƙwadago, Frank Little, daga masaukinsa aka rataye shi, ba a hukunta kowa ba. A cikin littafin, ɗan attajirin garin, mai gidan jarida, ya kira mai bincike na haya, amma aka harbe shi kafin su gana. Ba a ci rubu'in littafin sosai ba aka gano wanda ya yi kisan, wani ma'aikacin banki ne da kishin mace ya ɗiba. Da littafin Ingila ne, nan za a rufe. Hammett kuwa nan ya fara. Uban mamacin, Elihu Willsson, shi ya shigo da 'yan daba garin don su karya yajin aikin ma'aikatansa, suka gama aikin suka ƙi tafiya. Ya biya mai binciken dala dubu goma ya share masa gari. Mai binciken ya haɗa 'yan daban faɗa da juna har suka ƙare, shi ma yana jin yadda jinin ya fara yi masa daɗi. A ƙarshe aka turo sojoji, aka miƙa gari tsaf ga tsohon da ya lalata shi tun farko. Wanda ya ce babu darasi a nan, wataƙila darasin ne bai yi masa daɗi ba.

Yanzu mu koma kan direban. Gaskiya ne kuskure ne, kuma mun san inda ya fito. Chandler ya ɗinke The Big Sleep, na 1939, daga gajerun labaran da ya riga ya buga a Black Mask, musamman guda biyu na 1935 da 1936. Duk wanda ya taɓa haɗa tsofaffin manhajoji biyu ya mayar da su ɗaya ya san akan bar wani abu a tsakiya da ba mai kiransa. Abin tambaya shi ne me ya sa littafin bai rushe ba. Amsar ita ce nauyinsa ba a kan direban yake ba. Janar Sternwood tsoho ne a keken guragu, dukiyarsa daga rijiyoyin mai ta fito. Ya ɗauki Philip Marlowe a kan dala ashirin da biyar a rana don ya raba shi da wani mai neman kuɗin rufin asiri. Can ƙarshe Marlowe ya gano cewa surukin gidan da ya ɓace, ƙaramar 'yar Janar ce ta harbe shi, yayarta ta nemi taimakon wani mai gidan caca, Eddie Mars, aka jefa gawar a ramin dagwalon mai na tsohuwar rijiyar iyalin. Chandler ya san wannan duniya, domin shi kansa babban ma'aikaci ne a kamfanin mai a Los Angeles kafin a kore shi a 1932. Gidan yana kan tudu, arzikinsa da gawarsa suna ƙasa a rami ɗaya. Marlowe bai kai kowa wajen 'yan sanda ba, ya dai sa a kai yarinyar inda za a kula da ita, Eddie Mars kuma yana nan da gidan cacarsa. Mun faɗi ƙarshen littafin ba tare da fargaba ba, don sanin ƙarshen ba ya rage masa komai.

Masu neman a hukunta mugu dole, an taɓa biya musu buƙata, sai su duba abin da aka samu. Daga 1934 Hollywood ta tsaurara dokar tace fina-finai da ke cewa laifi ba zai tafi ba hukunci. Saboda haka a fim ɗin 1946 aka kawar da nauyi daga kan gidan attajiri, aka ɗora wa Eddie Mars, yaransa suka buɗe masa wuta a bakin ƙofa. An sami ƙarshe mai tarbiyya, kuma wanda ya ci ribarsa shi ne mai rijiyar mai. Haka yake faruwa kusan kullum idan aka tilasta wa labari ya rufe da hukunci: hukuncin yakan sauka a kan wanda hannu zai iya kaiwa.

James M. Cain ya bi ta wata ƙofa. A Double Indemnity, wanda aka fara bugawa kashi-kashi a 1936, babu jarumi mai bincike. Dillalin inshora ne ya haɗa baki da matar wani don su kashe mijin su karɓi diyya ninki biyu, wadda ake biya idan mutum ya mutu a hatsarin jirgin ƙasa. Cain ya taɓa sayar da inshora, kuma ya zauna a shari'ar Ruth Snyder ta 1927 da ta yi kama da wannan. Wanda ya fara shinshino ƙarya shi ne jami'in biyan diyya na kamfanin, da teburan ƙididdigar yadda mutane suke mutuwa. Da gaskiya ta fito, babbar damuwar kamfanin ita ce kada sunansa ya shiga jarida, don haka aka karɓi ikirarin dillalin aka sa shi a jirgin ruwa. Rai ya zama lamba a littafin ajiya tun kafin a yi kisan, masu kisan sun karanta littafin ne kawai da kyau.

Akwai tuhumar da ta fi waɗancan biyun ƙarfi, kuma ba za mu kauce mata ba. Mata a yawancin littattafan nan tarko ne, kyakkyawa ta shigo ofis, ƙarshenta ita ce macijiya. Yadda Chandler yake kwatanta baƙaƙen fata a Farewell, My Lovely na 1940 yana da ƙyama, ko da yake shi ne kuma ya nuna yadda 'yan sanda ba su damu da kisan baƙar fata ba. Wannan gaskiya ne. Abin lura shi ne gyaran daga cikin gidan ya fito. Dorothy B. Hughes ta rubuta In a Lonely Place a 1947, ta shigar da mu cikin kan wani tsohon matuƙin jirgin yaƙi mai shaƙe mata a Los Angeles, kuma mata biyu ne suka fara gane shi tun maza suna shan shayi da shi. Chester Himes, baƙar fata da ya fara rubutu a kurkukun Ohio bayan an ɗaure shi a 1928 saboda fashi, ya koma Faransa a 1953, Duhamel ya sa shi rubuta labaran laifi. Ya ƙirƙiro 'yan sanda biyu baƙaƙe a unguwar Harlem, Coffin Ed da Grave Digger. A Blind Man with a Pistol na 1969 ba a warware kisan ba sam. Littafin ya ƙare su biyun suna harbin ɓerayen da ke gudu daga gidajen da ake rushewa, wani makaho kuma yana harbi ba ya ganin wanda yake samu. Himes ya ɗauki abin da ya zo wa Chandler a kuskure ya mayar da shi niyya.

To me ya sa da yawa daga cikinmu suke ganin salon fanko ne? Saboda ta hannun ɗan aike muka karɓe shi. A Nijeriya sunan da aka sani shi ne James Hadley Chase, wanda muka tarar a akwatunan yayyenmu da shimfiɗun masu sayar da tsofaffin littattafai, bango a yage. Chase Bature ne ɗan Ingila, ya rubuta No Orchids for Miss Blandish a 1939 da taimakon taswira da ƙamus na karin maganar Amurkawa, bai zauna a ƙasar ba. Gwani ne wajen hana mutum barci, ba mu musa ba. Amma bindigar da motar da macen ya kwaso, ya bar ramin haƙar tagulla da rijiyar mai da teburin inshora, domin bai san su ba. Wanda Chase kaɗai ya karanta sannan ya yanke wa Hammett hukunci, ya ɗanɗani romo ne ya ce ya san nama.

Kuma ba baƙon abu ba ne a Hausa. Tun 1982 Sulaiman Ibrahim Katsina ya rubuta Turmin Danya a kan fasa-ƙwauri da masu ɗaure masa gindi, Bature Gagare kuma ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa. Hanyar a buɗe take, mu ne muka rage bin ta. Marubucin da zai bi ta ba ya buƙatar hular Marlowe ko kwalbarsa. Abin da yake buƙata shi ne ya san sana'a ɗaya ciki da bai, kamar yadda Hammett ya san aikin Pinkerton, Chandler ya san mai, Cain ya san inshora, sannan ya bi kuɗin har inda suka kwana ko da gidan mai mutunci ne. Editoci da alƙalan gasa kuma su daina mayar da rubutu don kawai mugu bai mutu a babin ƙarshe ba. Su tambayi marubucin ko ya nuna mana wanda ya ɗauki mugun aiki, da wanda zai ɗauki wani a madadinsa gobe. Idan ya nuna, ko ya manta wanda ya kashe direba, a buga littafin.