Wa Zai Ɓoye Akwati A Gwiwa?

Wai shin mu marubuta, yaushe za mu daina raina ƙasar da muke takawa? Abin da ya tayar mana da wannan magana wani wasa ne da ya samo asali a Amurka, wanda za mu kira farautar ɓoyayyen akwati. A watan Mayu na 2000 gwamnatin ƙasar ta daina dagula saƙon GPS ga farar hula. Kwana kaɗan bayan haka wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a dajin jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin, ya ce a nemo. Yau irin waɗannan akwatuna sun haura miliyan 3 a duniya.

Wasu cikinmu za su ce aikin marasa aikin yi ne. To, a dakata. Akwai nau'in wasan da ba a ba ka lambobin sai ka warware kacici-kacici. Ɗauki hasumiyar tashar jiragen ruwa ta Grimsby, garin masunta da masana'antu a bakin tekun Ingila, wadda aka gama a 1852. Mai shirya wasa yana iya cewa ka samo shekarar gininta, ka haɗa da wata lamba, sannan hanya ta buɗe. Akwatin kansa fa ba komai ciki sai ɗan littafin sa hannu da tarkace. Amma kafin ka kai gare shi, an tilasta ka ka ɗaga kai ka dubi ginin, ka tambayi tarihinsa.

Mu kuwa fa? Buɗe littattafanmu ka gani. Jarumi ɗan Abuja, amarci a Dubai, asibiti a Landan. Idan an ambaci ƙauye, sai a ce "wani ƙauye", ba suna, ba kasuwa, ba rijiya, kamar abin kunya. Mutum ya tashi a Gwiwa, ya sha furarta, amma alƙalaminsa bai taɓa rubuta Korayel ko Buntusu ko Rorau ba. Duwatsun Roni da na Kazaure suna nan tsaye, Ɗantunku ya kafa masarautar tun 1819, ga jihar Jigawa kanta tun 1991, duk da haka mai karatu a Maraɗi ba zai iya kwatanta hanyar Kazaure zuwa Gwiwa daga abin da muka rubuta ba.

Kada a ce mana sai da na'ura. Kacici-kacici gadonmu ne, iyayenmu mata suka raine mu da shi a tsakar gida, kwatance kuwa Bahaushe ya iya shi tun kafin a san taswira. Mun ƙalubalanci 'yan ƙungiya: kafin fitowa ta gaba, kowa ya kawo gajeren labari wanda ɗan makaranta zai riƙe a hannu, ya bi shi daga tashar motar Gwiwa har ya tsaya gindin bishiyar da marubucin yake nufi.