MOTA BABU DIREBA: INA RABON HANYAR JAKUSKO?

A 'yan shekarun nan labari ya yawaita game da motocin da ke tuƙa kansu. A birnin Phoenix na ƙasar Amurka, tun watan Oktoba na 2020 kamfanin Waymo ya buɗe wa jama'a irin waɗannan motoci, mutum ya kira ta wayarsa, mota ta zo ta ɗauke shi, kujerar direba kuwa wayam. Mai karatu a Jakusko ko Gashuwa ko Nguru yana iya cewa wannan zancen masu ƙoshi ne. To, amma fa a cikin zancen akwai sashen da ya shafi kowane direban tirela da kowane fasinja, watau batun shimfiɗa sabis na waya a kan hanyoyin mota.

Ita motar zamani tana da na'urorin da take ganin gabanta da su, amma ganinsu yana da iyaka. Ta hanyar sabis ne take samun labarin abin da ke bayan kwana, kamar motar da ta lalace ko gadar da ta karye. Saboda haka a 2016 Tarayyar Turai ta sa wa kanta burin cewa kafin ƙarshen 2025 manyan hanyoyinta na mota da na jirgin ƙasa su sami sabis na 5G babu yankewa, kuma daga 2018 aka shiga gwaji a kan hanyoyin da suka ƙetare iyakoki, ciki har da wadda ta tashi daga Munich ta Jamus zuwa Bologna ta Italiya. Ita kuwa Jamus, da ta zo sayar da lasisin 5G a 2019, sai ta gindaya wa kamfanoni sharaɗin kai sabis mai ƙarfi kan manyan titunanta kafin ƙarshen 2022. Bugu da ƙari, tun 2018 doka ta tilasta wa sababbin samfuran ƙananan motoci a Turai ɗaukar na'urar da ke kiran lambar agaji 112 da kanta in an yi mummunan haɗari.

Darasin da ke ciki shi ne, can an ɗauki hanya a matsayin wurin da ya cancanci sabis don kansa, ko da babu gari a kusa. Wannan kuwa tsohuwar dabara ce. Lokacin da dogo ya isa Nguru daga Kano a 1930, al'adar jirgin ƙasa ita ce a ja waya a gefen dogo, tasha tana sanar da tasha.

A Nijeriya wayar salula ta fara aiki a watan Agusta na 2001. A Disamban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin 5G, inda MTN da Mafab suka yi nasara a kan dala miliyan 273.6 kowanne. Sai dai ɗan kasuwa inda ciniki yake nan yake kafa rumfa. Ƙarfen sabis yana bukatar inji da man dizal da maigadi, don haka kamfani ya fi son kafa shi a cikin gari, inda masu sayen kati suke da yawa. Dajin da ke tsakanin gari da gari shi ne ke zama maraya.

A dubi hanyar da ta taso daga Potiskum ta ratsa Jakusko ta nufi Gashuwa, da wadda ta haɗa Gashuwa da Nguru. Ta nan ake jigilar shanu zuwa kasuwar Potiskum, wadda ke cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, ta nan kifi da shinkafar fadama suke fita, ta nan kuma ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, suke kai da komo. Idan mota ta ƙwace da dare a inda babu sabis, lambar 112 da lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ba su da wani amfani. Wanda ya ji rauni sai ya jira mai wucewa. Idan ruwa ya cinye hanya, kamar yadda ambaliyar 2022 ta addabi wannan yanki, direban da ke tafe ba shi da mai yi masa gargaɗi. Falken da ya koma biyan kuɗi ta waya tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, shi ma cinikinsa ya rataya ne a kan sabis.

Mutanen Yobe ba sai an gaya masu ɗacin rashin waya ba. A watan Mayu na 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an katse layukan waya, sai cikin Yuli aka maido da su a Yobe.

Ina mafita? Na farko, Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF musamman don kai sabis wuraren da riba ba ta kai kamfanoni. Ya kamata asusun ya lissafa hanyoyin mota cikin waɗannan wurare, a bi su kilomita bayan kilomita ana aunawa, a kuma buga sakamakon kowa ya gani. Na biyu, duk lasisin da za a bayar ko a sabunta, a sa sharaɗin hanyoyi a ciki. Na uku, a duk kwangilar hanya a haɗa da bututun da wayar faiba za ta bi, domin sau da yawa katafilar masu gyaran hanya ce ke tsinka wayar da aka binne. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, ta kuma amince da shirin shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000. Aikin wakilan Yobe ne su tabbatar taswirar ta bi ta Jakusko. Na huɗu, kamfanoni su haɗu a ƙarfe ɗaya mai aiki da hasken rana, jihohi kuma su tsaya a kan naira 145 a kowace mita da gwamnoni suka amince da ita a 2020 a matsayin kuɗin izinin binne waya, ko ma su yafe.

Motar da babu direba za ta daɗe ba ta iso Jakusko ba, musamman a hanyar da garken shanu da amalanke da babur suke rabawa da tirela. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙarfen da wata rana zai yi magana da mota, shi ne a yau zai kai kiran direban da ke neman agaji da tsakar dare. Allah ya kiyaye hanya, ya sa mahukunta su ji.