Sulhun da Babu Mai Ƙara a Cikinsa

An ce mana sulhu alheri ne, mun kuma yarda. Amma taron da ake yi da 'yan bindiga a yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, su zo da makamai a kafaɗa, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse, bai kai a kira shi sulhu ba.

Mun san sulhu tun kaka da kakanni. Idan shanu suka yi ɓarna a gona, mai unguwa da arɗo ke zuwa su duba, a yanke abin da za a biya a gaban manomi da makiyayi. In ta gagara a kai wa dagaci, daga nan hakimi, daga nan alƙali. An sha zalunci a wancan tsari, amma a kowane mataki mai ƙara yana nan, yana magana da bakinsa.

A 1968 gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara rage ƙarfin sarakuna, tsarin mulkin 1999 kuma bai ba su wani aiki ba. Ƙananan rigingimu suka rasa mai kashe su da wuri, har suka girma.

Mun ga sulhun Gwamna Masari na 2019. Me ya biyo baya? Kisan Kadisau a Yunin 2020, sai ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe ranar 11 ga Disamba.

A Shari'a, haƙƙin jini na waliyyan mamaci ne: ƙisasi, ko diyya, ko afuwa. Wa ya wakilta shugaban ƙaramar hukuma ya yafe a madadin marayu?

Ƙabilar Blackfeet ta jihar Montana a Amurka tana da kotunta a garin Browning, da dokoki a rubuce, da wurin ɗaukaka ƙara. Duk da haka, bisa wata doka ta 1885, manyan laifuka irin su kisan kai suna zuwa gaban kotun tarayya. Kowane mataki ya san iyakarsa.

Abin da muke nema ke nan daga Majalisar Dokokin Jihar Katsina: doka da za ta ba dagatai, hakimai da arɗoɗi ikon sasanta ɓarnar gona da rikicin burtali, a rubuce, da damar ɗaukaka ƙara zuwa kotun Shari'a. Kisa, fyaɗe da garkuwa da mutane kuwa a kai su gaban alƙali, a kira wanda aka zalunta ya faɗi abin da aka yi masa.