BUHUN AGAJI YA SHIGO KASUWA: WA YA KAWO SHI?

'Yan'uwana talakawa, musamman ku 'yan kasuwa, masu awo da masu rumfa, yau da ku na ke magana. Akwai wani buhu da ya kan shigo kasuwa da asuba ko bayan magariba, an rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe cewa ba na sayarwa ba ne. Wani lokaci ma ba ya zuwa da rigarsa, an juye shi cikin wani buhun tun a hanya, amma kuɗinsa ya kan tona masa asiri, gama ba wanda ya ke sayar da shinkafa ƙasa da sari sai da dalili. Duk wanda ya daɗe a kasuwar hatsi ya san wannan buhu. Abincin 'yan gudun hijira ne.

Kada mu manta ko su wane ne masu buhun. Fitinar Boko Haram ta tashi a 2009. A 2014 Gwoza ta faɗi cikin Agusta, Bama ta bi ta cikin Satumba, Baga kuma cikin Janairu 2015. Mutum fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. Waɗansu suka ƙetare zuwa sansanin Minawawo a Kamaru, waɗansu ƙasar Diffa a Nijar, waɗansu Chadi, amma taro mai yawa Yerwa ya nufa, watau Maiduguri. Mutanen nan ba almajirai ba ne. Manoman gero da dawa da wake ne, da masuntan Baga waɗanda bandarsu ta ke kai wa har kasuwannin kudu, da makiyaya, da fatake irinku. Mutumin da bara ya fid da zakka daga rumbunsa, shi ne bana ya ke tsaye a layi da kwano.

Kuma a faɗi gaskiya, wanda ya fara karɓarsu talaka ne. Mafi yawansu ba su taɓa kwana a sansani ba, a zaurukan 'yan'uwa da kangaye suka raɓa, mai ɗaki biyu ya ba da ɗaya, ba takarda ba hoto. Sauran ne aka tara a Bakassi da Dalori da Muna da hanyar Gubio da filin wasa da makarantu.

To, abin da a ke kai musu ba alheri ba ne da wani babba zai yi musu gori a kai. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Kampala ta 2009 a shekarar 2012, ta ɗauki alkawari gaban ƙasashen Afirka cewa ciyar da wanda yaƙi ya kora da tsare shi wajibi ne a kan gwamnati. Masu aikin agaji na duniya kuwa har ma'auni gare su: kowane mutum ruwa lita 15 a yini, masai ɗaya ga mutum 20 kada su wuce, abinci kuma gwargwadon abin da zai riƙe jiki, wanda likitoci su ke ƙidaya kalori 2,100. Abu ne mai mudu, mai lissafi. Abin da ke da mudu kuwa, in an tauye shi, sata a ke ce masa.

Ga abin da rashin cika mudun ya ke jawowa. Cikin Yuni 2016 likitocin ƙungiyar MSF suka sami shiga Bama, suka tarad da mutum wajen 24,000 a tsare cikin harabar asibiti. Suka ƙirga kaburbura 1,233 da aka haƙa kusa da wurin cikin shekara guda, 480 daga ciki na yara ne. Na san za a ce mini Bama a lokacin hanya a rufe ta ke, ana yaƙi. Na yarda. To, Maiduguri fa, inda lori ya ke shiga dare da rana? Wata biyu bayan haka, cikin Agusta, matan sansani suka fito da 'ya'yansu a goye suka tare hanyar Kano, ba don kome ba sai don yunwa. Macen da ta tsere wa bindiga ba ta tare hanyar mota don sha'awa.

Ina abincin ya tafi? Ba mu muka faɗa ba, balle a ce 'yan adawa ne masu neman magana. Ofishin Mukaddashin Shugaban Ƙasa Osinbajo ne da kansa, cikin Yuni 2017, ya ambaci labarin cewa daga kowace mota 100 da a ke aikawa da hatsi arewa maso gabas, fiye da 50 a kan karkatar da su. Ku 'yan kasuwa kun fi ni sanin lissafi. Tirela ta kan ɗauki buhu 600. Tirela 50 buhu 30,000 ke nan. A cikin watan nan dai aka ga dabinon da Saudiyya ta aiko don azumi, tan 200, ya bayyana a kasuwanni ana sayarwa, har Ma'aikatar Harkokin Waje ta ba Saudiyya haƙuri. Kai! Abin buɗa-bakin maraya ma bai tsira ba.

Wa aka hukunta? A 2017 kotu a Maiduguri ta ɗaure wani kansila da wani ɗan kwamitin ciyarwa shekara biyu biyu saboda sayar da shinkafar agaji. Madalla, amma waɗannan ƙananan kifaye ne. Kun kuma tuna maganar yankan ciyawa a Yobe, kwangilar ɗaruruwan miliyoyin naira daga asusun farfaɗo da arewa maso gabas, wadda kwamitin Sanata Shehu Sani ya tono a 2016. An sauke Sakataren Gwamnatin Tarayya a 2017, kotu kuma ta sallame shi a 2022, ta ce ba a kawo hujja a kansa ba. Ba za mu yi jayayya da alƙali ba. Abin da mu ke tambaya shi ne, wane irin hankali ne ya ke tuna ciyawa a shekarar da a ke haƙa kaburburan yara?

Yanzu sai in juyo kanmu, gama in ka nuna wani da yatsa ɗaya, sauran kai su ke kallo. Ɓarawon agaji ba ya cin buhu 600 shi da matansa. Ba ya binne shi. Kasuwa ya ke kawo shi, kuma sai da mai saye ciniki ya ke faɗawa. Ba don akwai dillalin da zai karɓa ya juye, da mai sito da zai ɓoye, da mai awo da zai ce "ni dai saye na yi" ba, da tirelar nan ta rasa inda za ta sauke. Ribar da ka ci a buhun nan ba daga aljihun Bature ko na gwamnati ta fito ba, daga tukunyar wata gwauruwa ta fito, wadda watakila mijinta abokin cinikinka ne kafin a kashe shi.

Amma a rarrabe, kada garin gyaran gira a rasa ido. Akwai matar da za ta zo maka da mudu biyu ko kwalbar mai daga rabonta. Wannan ba ɓarauniya ba ce. An ba ta hatsi, ba a ba ta kuɗin niƙa ba, ba itace, ba gishiri, ba sabulu, ba maganin zazzaɓin yaro. Da me za ta dafa? In ta fita neman itace kuwa da ranta ta ke ciniki: cikin Maris 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an sace mutum fiye da 200 a wajen Ngala, yawanci mata da yara 'yan sansani da suka fita itace. Saboda haka in ta kawo maka mudunta, ka saya da kuɗin kasuwa, kada ka danne ta don ka ga ba ta da mafita. Wanda za ka ƙi shi ne mai zuwa da mota.

Akwai kuma wata ɓarna wadda ta fi satar buhu muni. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta labarin mata da 'yan mata 43 a sansani 7 na Maiduguri waɗanda masu tsaro da masu riƙe da sansani suka lalata, waɗansu da ƙarfi, waɗansu da alkawarin abinci ko aure. Duk inda mutum ɗaya ya riƙe mabuɗin sito da mabuɗin ƙofa, ba mai duba shi, haka za a yi ta gani.

Maganin ba a ɓoye ya ke ba, an ma gwada shi. Bayan matan nan sun tare hanya, gwamnatin Barno ta rushe kwamitin da ya ke dafa wa kowa a tukunya ɗaya, aka koma ba kowane gida ɗanyen abinci. Hukumar Abinci ta Duniya kuma ta shiga ba mutane kuɗi ta waya ko kati, su je su sayi abin da su ke so. Inda kasuwa ta ke ci, wannan ya fi, don kuɗin ya kan faɗa hannun mai shi kai tsaye, ku kuma ku sami ciniki na halal, muddin ba ku tsauwala kuɗin kaya ranar da aka biya su ba. Inda kuwa tilas sai hatsi, a kafa allo a ƙofar sansani: mota kaza ta taso ran kaza, buhu kaza, gida kaza, kowane gida mudu kaza. A karanta da Barbarci da Hausa da Larabcin Shuwa, a sauke kaya da rana gaban matan da 'yan sansanin suka zaɓa da kansu. Ɓarawo ba ya son fitila.

Wani zai ce ai maganar ta wuce, an rufe sansani. Lalle Gwamna Zulum ya yi shela cikin Oktoba 2021 za a rufe na Maiduguri, kuma zuwa Agusta 2022 an kwashe mutum fiye da 140,000 daga sansani 8. Hujjarsa ita ce zaman jiran kwano ba mutunci ba ne, gara mutum ya koma gonarsa. Maganar tana da gaskiya, su ma abin da su ke so ke nan. Sai dai rufe ƙofa ba ya rufe ciki. Da yawa sun tashi daga wannan bukka sun faɗa wata a Bama ko Monguno, ko gefen gari inda ba mai rubuta sunansu. Waɗanda aka mayar Darul Jamal kuwa, cikin Satumba 2025 aka auka musu da dare, aka kashe fiye da mutum 60. A shekarar nan dai Amurka ta rage kuɗin taimako, har Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗi cikin Yuli cewa ciyar da mutum miliyan 1.3 zai tsaya. Watau hatsin ya ragu, bakin bai ragu ba. Buhu ɗaya da aka sace yau ya fi goma na da zafi.

Don haka ga roƙona ga sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan hatsi. Ku zauna cikin makon nan ku ƙulla magana ɗaya: duk motar da ta zo da kaya mai tambarin agaji, ko kayan da aka juye kuɗinsa bai yi kama da sari ba, ba mai sauke ta, ba mai ba ta sito, sai ta nuna takardar inda ta saro. Dillalin da ya karya, a hana shi rumfa wata uku. Lambar motar kuwa ku rubuto mana ita, da rana da kasuwa, mu kai ta inda ya kamata.