ƘIRGA KARTA BA YA MAI DA CACA SANA'A

Tun da wayar hannu ta shiga kowane gida, caca ta bar ɓuya a bayan tasha da lungunan kasuwa, ta koma aljihun samari. A Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran garuruwanmu, ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci na iya zubar da kuɗinsa yana kwance a ɗakinsa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne hujjar da wasu masu ilmin zamani ke kafawa, wai mai lissafi yana iya cin gidan caca. Ya kamata a duba tushen wannan magana.

Akwai wasan karta da Turawa ke kira blackjack, inda ɗan wasa ke neman maki 21 ba tare da ya zarce ba. A 1962 wani malamin lissafi a Amurka, Edward Thorp, ya wallafa littafi yana nuna cewa kowace karta da ta fita tana sauya yanayin ragowar. A 1963 Harvey Dubner ya sauƙaƙa hanyar: karta daga 2 zuwa 6 a ƙara ɗaya, daga 7 zuwa 9 ba a ƙirga kome, masu daraja goma da As kuma a rage ɗaya. In jimla ta hau, manyan kartoci sun yi yawa a ragowar, sai ɗan wasa ya ƙara abin da ya zuba. Akwai hanyoyin da suka fi wannan zurfi, amma yawan ƙa'idoji kan jawo yawan kuskure.

To, mene ne ribar? Ko ƙwararre, rinjayensa bai cika wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma sai da jari mai kauri da zai jure hasarar makonni. Gidajen caca ma ba barci suke yi ba. Suna haɗa kwalin karta shida ko takwas, suna sa injin gauraya, suna korar wanda suka gane.

Babban batu kuwa shi ne, dabarar tana aiki ne kawai domin kartar da ta fita ba ta dawowa nan take. Cacar ƙwallon ƙafa da wasannin waya da samarinmu ke yi ba haka suke ba. Abin da ya faru jiya bai rage kome daga na yau ba. Kamfanin kuma ya riga ya cire rabonsa. Misali, in mutum biyu suka zuba naira 100 kowanne a ɓangarori biyu, aka biya wanda ya ci naira 190, goman da ta rage ta kamfani ce, kowa ya ci. Wanda ya daɗe yana zubawa, wannan goman ce ke cinye albashinsa da kuɗin makarantarsa.

Hukuncin addini a bayyane yake a Suratul Ma'ida, aya ta 90, kuma Jihar Jigawa ta ɗauki Shari'a tun 2000. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne. Saboda haka hukumomi a Dutse ba su da uzurin jiran Abuja.

Amma doka kaɗai ba ta isa ba. Muna kira ga malaman lissafi, tun daga Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu har makarantun sakandare na Gwaram, su koya wa ɗalibai lissafin yiwuwa da misalin takardar caca, su gani da idonsu inda kuɗin ke tafiya. Ƙwaƙwalwar da za ta iya riƙe ƙirgar ɗaruruwan kartoci ta fi dacewa da lissafin taki, da kasuwanci, da baitulmalin ƙaramar hukuma. Hausawa dai sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.