Filin Noma da Kasuwa: Nauyin Tiya Tun Daga Tsiro Yake Farawa

Duk ɗan kasuwar da ya saba awon hatsi a Madarunfa ko Ɗan Isa ya san tiya biyu na iya cika baki ɗaya, amma nauyinsu ya bambanta. Wata ƙwaya ce ƙosasshiya, wata kuwa rabinta ƙaiƙayi da tsumburarrun ƙwayoyi. Jama'a sukan ɗora laifin a kan ruwan ƙarshen damina. Gaskiya ne yankewar ruwa a watan Satumba tana ɓarna, amma yawancin hukuncin an riga an yanke shi tun shuka ba ta kai gwiwa ba.

Dalili kuwa shi ne, cikin wata na farko ko kaɗan bayansa hatsi yake kafa saiwa, ya yi ƴaƴa a gindi, kuma zangarniya ta fara halitta a ɓoye cikin kara. A nan ne ake ƙayyade yawan zangarniyoyi da tsawonsu. Shukar da ta sha yunwa a wannan lokaci, ko ciyawa ta danne ta, ba ta ramawa duka ko da an zuba mata taki daga baya. Ƴaƴan da ta yi a makare sukan fid da kai a makare, ƙwayarsu ba ta samun lokacin ƙosawa.

Wannan ba halin hatsi ba ne kaɗai. A Faransa, inda ake shuka sha'ir na bazara a watannin Fabrairu da Maris, masana'antun da ke sayensa suna neman furotin tsakanin kashi 9,5 da 11,5 cikin ɗari. Gonar da tsironta bai yi ƴaƴa da wuri ba takan ba da zangarniya kaɗan, furotin ya yi yawa, farashi ya faɗi. Can ma'auni ne yake tona asiri. Nan kuwa tafin hannun mai saye ne.

Jigawar ƙasar Madarunfa tana fama da ƙarancin sinadarin fosfor, wanda saiwa take bukata tun ranar farko. Saboda haka masu bincike na ICRISAT a Sadore da na INRAN, mai cibiya a Tarna kusa da Maraɗi, suka yaɗa dabarar sa taki ɗan kaɗan a ramin shuka: giram 6 na NPK 15-15-15, ko giram 2 na DAP. A hekta mai rami 10.000, kilo 60 ke nan na farkon, ko kilo 20 na biyun, wato bai kai rabin buhu ba. Bayan haka sai noman farko da cira cikin mako biyu zuwa uku, a bar ƙafa uku a kowane rami.

A nan ne maganar ta shafi ma'aikacin da ke zaune a birni yana da gona a ƙauye. Sau da yawa kuɗin taki da na ƴan ƙwadago suna jiran ƙarshen wata, alhali ciyawa ba ta san ranar albashi ba. Kuɗin da aka aika ranar shuka ya fi ninkinsa da aka aika bayan kwana arba'in. Haka ɗan kasuwar da ke ba manoma bashi don a biya shi da hatsi: in ya bayar a watan Mayu ko farkon Yuni, ya sayi ƙwaya mai nauyi; in ya jira Agusta, ciyarwa kawai ya yi, amfanin gona bai ƙaru ba.

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mai son sanin yadda kasuwar kaka za ta kasance, ya leƙa gonaki mako uku bayan shuka.