Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinonin Ilimi na Arewa Maso Yamma



An sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020, a Jangebe a 2021, a Kuriga a 2024. Sun dawo, aka yi barka, aka watse. Wa ya bi kadin abin da suka dawo da shi a zuci? Yaron da ya kwana a daji a gaban bindiga kan firgita cikin barci, ya kasa natsuwa a aji, malami ya ɗauka taurin kai ne ya sa masa bulala. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma ba ta iso aji ba. Inda ake da malamin ba da shawara, sau da yawa an jibga masa darussa har ba ya samun zama da kowa. Ku rage masa darussan, ku ba shi ɗaki mai ƙofa inda yarinya za ta yi magana ba a ji ba. Sannan ku haɗa makarantu da asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware, Barnawa da Dawanau, domin a san inda za a tura wanda abinsa ya yi tsanani.

Naku,
Wani malamin sakandare